Rigar Shuni Ba Ta Shiga Inji

Ranar Asabar, ana yayyafin nan na Manchester mai naci, Ja'afaru ya hau flat ɗin kakarsa Hajiya Raki a Old Trafford. Council, wato hukumar gari, za ta rufe zauren unguwa, taron ƙarshe kuwa na tufafin zamanin da ne, shi aka ce ya fito a shigar Kanawan dauri. Riga ɗaya yake so, ta shuni, ta marigayi kakansa, wadda shi ma marigayin gadonta ya yi. Hajiya kuwa ko rana ba ta bari ta gan ta. Ya gaishe ta, ta amsa.

"Lafiya lau, mai gidan da ba ya cefane. Yau ma hannu na dukan cinya?"

"Amarya ta tsufa, cefanen me? Aron riga na zo, ta mutumin da na ƙwace ki a hannunsa."

"Kai ɗin? Irinka uku za su shiga rigar nan su zauna hira."

"Da ilimi zan cika ta."

"Ilimin da bai hana ka yawo da wando yagagge a gwiwa ba?"

Ta gama tsiyarta, ta buɗe akwati. Rigar ta fito tana ƙyalli. Gogan naka ya taɓa, ya dubi yatsunsa.

"Hajiya, tana zuba fa! Sai na jefa ta a injin wanki tukuna."

"Inji? Na shiga uku!" Ta fizge abarta. "Kai, ƙyallin nan bugu ne. Maza ne suka zauna a Kura suka buga mata shuni har ta ɗauki ido. Ruwa ya taɓa ta, ta zama tsumma. Kakanka in ya tuɓe ta, kwana uku wuyansa shuɗi, yana yawo yana nuna wa mutane."

"Ashe dai ƙazami kika aura."

"Ƙazamin da ko barci yake ya fi ka kyau."

Sai ta shiga shafa aikin wuyan. "Shekara tara ban buɗe ta ba. Kewarsa nake, Ja'afaru, kada ka ga ina dariya."

"To na fasa wankin. Ko turare ba zan fesa mata ba, wallahi."

Ta dube shi, ta miƙe ta zura masa da hannunta. Riga ta sauka har ƙasa, hannayensa suka ɓace. Hajiya ta yi dariya har da hawaye.

"Je ka, na bar maka. Amma in ka dawo min da wuya fari, ka taho da takardar sakina."