Gurguwar Kazar da Ta Miƙe a Gaban Honarabul

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kaza ta ƙaryata ni a gaban jama'a ba. Na ɗora ta a kan teburin manyan baƙi, na ce gurguwa ce. Ta miƙe ta yi tafiyarta.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Na yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta. Na yi noma a Kakau har taki ya gagare ni. Na ga tashin hankalin garin nan da idona, na binne mata, na binne ɗa. Abin da ya rage mini shi ne ɗan gidana a Tirkaniya, da kaji masu ƙwai, da surukata Hannatu, da 'yarta Rifkatu, jikata, wadda take 'yar shekara uku a lokacin.

Rayuwa ta koya mini cewa abin da kake so, ka rufe shi. Shi ya sa da ɓarayi suka haura katanga suka kwashe mini kaji, ban kai ƙara ba, ban yi surutu ba. Na nemo tsofaffin kwano, na kira kafinta, muka rufe tsakar gidan gaba ɗaya, daga katanga zuwa katanga. Ɓarawo ba zai diro ba, shaho ba zai gani ba, ruwan sama ba zai taɓa abinci ba. Na rataya ƙwan lantarki saboda kaji su riƙa ganin abin da suke ci. (Har fita nake yi in tsaya a bakin hanya ina kallon rufin nan, kamar ni na gina gadar Kaduna.)

Hannatu tana aiki a wani kamfani a Kudenda. Kafin rana ta fito ta fita, sai rana ta faɗi take dawowa. Rifkatu tana wurina, a ƙarƙashin kwano, tana wasa da gwangwanaye tana kwaikwayon kukan kaji.

Sai abincin kaji ya yi wuya a gari. Buhun haɗaɗɗen abinci ya ɓace. Garin nan da ake barbaɗawa a cikin abinci don ƙarfin ƙashi da ɓawon ƙwai, wanda muke kira firimis, shi ma ya ɓace. Na yi ta zirga-zirga shagon Oga Emeka, mai sayar mana da kayan kaji a Kakuri, har ya gaji da ganina.

"Baba, abeg, kada ka harare ni," in ji shi. "Kaya bai zo ba. Ɗan wanda ya zo, masu manyan gonaki sun kwashe tun yana kan mota. Ni ma dubi shagona, ɓera ma ya yi ƙaura."

Na dawo na riƙa haɗa nawa da dusa da masara da abin da ya samu. Ba a daɗe ba ƙwai ya soma fitowa da laushi, ɓawon kamar leda, in ka taɓa ya lotsa. Wasu kajin suka zauna, ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Ƙwan da ba ya sayuwa kuwa mu muke cinyewa a gida, Rifkatu ta fi kowa so.

A cikin wannan hali ne na lura da ƙafafun yarinyar. Sun soma lanƙwashewa kamar baka. Ta yi 'yar tafiya kaɗan, ta zauna, ta riƙe gwiwa tana kuka. Ni kuwa na zauna na haɗa lissafina ni kaɗai: mugun abinci ya shiga kaza, ya bi ƙwai, ƙwai ya shiga yarinya. Ciwo ɗaya ne. Daga ranar na hana ta ƙwai. Da na ga yaran unguwa suna kwaikwayon tafiyarta a bakin ƙofa, sai na sa sakata, na hana ta fita.

"Baba, mu kai ta asibiti," in ji Hannatu.

"Me za su gaya mini da ban sani ba? Ciwon nan daga kasuwa ya zo. Can za a gyara shi."

(A gidana in na yi magana ba a maimaita ta. A da ina ɗaukar wannan abin alfahari ne.)

Rannan Malam Audu, shugaban ƙungiyarmu ta masu ƙananan kaji, ya zo ya ce wani Honarabul zai zauna da manoma a filin makarantar firamare, ya ji kukansu a kan taki da iri da abincin dabbobi. Na ce ni ma zan tashi.

Ya dube ni ya fashe da dariya. "Kai? Baba, tun da na san ka, ko gaisuwa da kai kake amsa ta. Me za ka ce?"

"Ba cewa zan yi ba. Nunawa zan yi."

Ranar taron, da hantsi, an ɗauke wuta. Na shiga wurin kajin ina lalube. A lungun da guragun suke taruwa hannuna ya taɓa wata a kwance, na ɗauke ta, ba ta ko motsa ba. Na sa ta a kwando na rufe da buhu. Na cika aljihuna biyu da ƙwan nan masu laushi, a cikin farin kaftanina na zuwa coci. Na saɓa Rifkatu a kafaɗa, domin ita ce babbar shaidata. Muka hau keke mai ƙafa uku.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura lasifika a jikin bishiya. Honarabul yana tsakiyar dogon tebur, ga robobin ruwa, ga farantin gyaɗa a gabansa. A ƙarshen teburin akwai wata mata mai tabarau, aka ce likitar dabbobi ce. Manoma suka yi ta tashi. Wannan ya ce taki sai masara ta yi bunni yake isowa. Wancan ya ce irin da ya saya rabi bai tsiro ba. Kowa ya yi dogon bayani, Honarabul yana gyaɗa kai yana jefa gyaɗa a baki.

Aka zo kaina. Na sauke Rifkatu kusa da ƙafata, na karɓi makirfo, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya dogon turanci ba. Ga shaida."

Na fito da kazar na ajiye ta a kan tebur.

"Wannan kaza ba ta iya tsayuwa. Rashin abinci a kasuwa ne ya gurgunta ta."

Kazar ta ɗaga kai, ta dubi hasken duniya da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan. Sai ta miƙe. Ta girgiza jiki. Ta taka a hankali tana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fareti, ta wuce robobin ruwa, ta isa gaban Honarabul, ta sa baki a farantin gyaɗarsa.

Filin nan ya fashe. Wani daga baya ya yi ihu, "Baba ya warkar da ita! Baba, wane coci kake zuwa, mu kawo namu?" Honarabul ya ja kujera baya yana dariya, ya ce, "Baba, kamar dai ta samu sauƙi."

Na kai hannu in cafke ta. Cikina ya daki bakin tebur. Na ji wani sanyi ya sauka daga aljihu biyu a lokaci guda, yana bin cinyata har cikin takalmi. Kazar ta tashi sama ta bi ta kan hular wani babban mutum ta dira a fili. Ni kuwa ina tsaye, makirfo na hannuna a sake, daidai bakin Rifkatu. Ta dubi kaftanin, ta dube ni, muryarta ta fito ta lasifika har bakin titi:

"Kaka, ka yi fitsari?"

Na sha wuya iri-iri a duniya, amma ban taɓa jin ina so ƙasa ta tsage in shige ba sai ranar. Wata mata ta yi dariya har ta faɗo daga kujera. Malam Audu ya zo ya ja hannun rigata yana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, zo mu tafi. Don Allah zo mu tafi, ka kashe mu."

Ban tafi ba. Ba don kaza na zo ba. Na sunkuya na ɗauki Rifkatu na tsayar da ita a kan teburin, daidai inda kazar ta tashi.

"Kaza ta ƙaryata ni," na ce. "Wannan fa?"

Dariyar ta mutu. Kowa ya ga ƙafafun. Na faɗa musu lissafina, daga buhu zuwa kaza, daga kaza zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa yarinya. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a rayuwata ba.

Likitar dabbobin ta taso ta zo kusa. Ta shafa kan yarinyar, ta taɓa wuyan hannunta, sannan ta dube ni.

"Baba, tukuna. Yaya aka yi ka ɗauko lafiyayyar kaza a maimakon gurguwa?"

"An ɗauke wuta. Duhu ne."

"Da asuba ka kama ta?"

"Da hantsi."

"Da hantsi akwai duhu a gidanka?"

A nan ne na sake tona wa kaina rami, kuma da ƙarfin gwiwa na yi. Na gyara tsayuwa, ƙwai na ɗiga daga rigata, na yi mata bayanin rufina. Na ce daga katanga zuwa katanga ne, ko ɗigon rana ba ya shiga. (Wallahi jira nake ta yaba mini.)

Ta cire tabarau. "Yarinyar tana fita waje?"

"Na hana ta. Yara suna yi mata dariya."

"Tana cin ƙwai?"

"Na hana ta."

Ba ta ɗaga murya ba, amma makirfo ya kai maganar ko'ina. Ta ce akwai wani sinadari, bitamin D, wanda jiki yake samu idan rana ta taɓa fata, kuma in babu shi ƙashi ba ya ƙwari, ko na kaza ko na mutum. Ta ce kazar da aka kulle ba ta da wata rana sai wadda aka zuba mata a buhu, to buhun kuma babu. Ta ce ciwon ba ya bin ƙwai, hasali ma gwaiduwa tana cikin abin da yarinyar take bukata. "Ni ta dabbobi ce, Baba," in ji ta. "Gobe ka kai ta asibitin yara su duba ta. Amma tun yau ka bar ta ta ga rana."

Wannan kunyar ta biyu ba wanda ya yi mata dariya, kuma ta fi ta farko zafi. Duk abin da na yi don in tsare yarinyar, shi yake lanƙwasa ta.

Likitar ta juya wurin Honarabul. Ta ce maganar buhu gaskiya Baba ya faɗa, ƙananan masu kiwo ne suke fara faɗuwa duk lokacin da kaya ya yanke. Ta ce yara irin wannan kuma ba ita kaɗai ba ce a unguwannin nan, inda gidaje suke a matse, iyaye suna aiki tun safe har dare, kuma ba mai gaya musu komai a rediyo ko a wurin awo.

Honarabul ya ce za a duba. Na san wannan kalmar, na girme ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, rufi nawa ne, yau zan cire shi. Buhu naku ne."

Na ɗauki jikata na fita. Kazar ma wani ne ya biyo ni da ita har bakin titi.

Da yamman nan na hau sama da guduma na ɓamɓare kwanon tsakiya da hannuna. Hannatu ta dawo ta tarar da sararin sama a tsakar gida, ga kaftani a cikin bokiti. Labari ya riga ya isa Kudenda. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ce, "Baba, ƙarfe nawa za mu tafi asibitin?" Na ce duk lokacin da ta ce.

A asibiti suka tabbatar. Suka ba da magani, suka ce madara, ƙwai, ƙananan kifi da ƙashinsu, da wasa a waje. Suka ce ƙafa za ta miƙe a hankali, mu yi haƙuri. Na sa ragar waya a inda kwano yake, saboda shaho.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka nuna wa gwamnati yatsa, ka ɗaga kai ka dubi rufin gidanka. In ka gama dubawa, ka gyara, sannan ka koma ka ci gaba da nuna yatsan, don ba a taɓa sauke buhu a kasuwa saboda wani ya ji kunya ya yi shiru ba.

Har yau abincin kaji yana zuwa yana ɓacewa, kuma duk taron da aka kira ina kujerar gaba, Malam Audu yana roƙona kada in zo da kowace irin dabba. Ina nan Tirkaniya. Da hantsi za ka same ni a bakin ƙofa a kan benci, ƙofar a buɗe, Rifkatu tana cikin yaran unguwa tana gudu. Ƙafar ba ta gama miƙewa ba, amma tana kai ta inda take so.