Ƙafar Ƙarfe da Keken Ɗinkina

“Yaya, shekara talatin da biyar ina raba wasiƙu da ƙafa. Duk tsohon da zai ja da ni a tafiya, sai dai ya nemo jirgi!”

Haka ƙanena ya faɗa mini, yana kwance a doguwar kujera, kofin shayi a kan tumbinsa. Ku ji fa. Ni na goya shi, na san aikin da ya yi a gidan waya: zama a bayan kanta yana buga hatimi. Ban yi karatu mai nisa ba, amma ƙarya ko da rufin asiri ta zo ina gane ta.

Tun da matarsa ta rasu ya dawo gidana, ba mai kiransa, ba wanda yake kira. Likita ne ya ce sai ya riƙa tattaki, ya kuma saka shi a wani zauren tsofaffi na waya. Kowa ya sa wayar a aljihu ta ƙirga masa taku, sauran kuma suna gani a nasu wayoyin. Nan take ya raɗa wa kansa suna Ƙafar Ƙarfe. Na ji daɗi a raina, don tun rasuwar ban ji dariyarsa ba sai da ya shiga zauren nan.

Ranar farko Ƙafar Ƙarfe ya yi taku ɗari uku da goma sha biyu, rabi ma zuwa banɗaki ne. Wata ’yar shekara tamanin da suke kira Mai Sanda ta yi dubu huɗu. Ranar ko shayi bai shanye ba.

Bayan kwana uku ina ɗinki, sai na ji kekena yana kuka a ƙarƙashin ƙafata. Na duƙa, sai ga waya cikin safa, an ɗaure ta tamau a bayan matakin keken da tsumma. Ashe duk takawar da na yi, shi ake rubuta wa.

Na ce, “Kai, buhun ƙasa! Mene ne wannan?”

“Yaya, yi a hankali. Ƙafarki da tawa ai jini ɗaya ne.”

“To saurara. Ba zan kai ƙararka ba, ba na gulma. Amma ranar da aka tambaye ni, wallahi zan faɗa.”

“Wa zai tambaye ki?” in ji shi, yana dariya.

Cikin mako ɗaya ya zama na ɗaya. Ya fara ba su shawara: a daina lalaci, a riƙa ɗaga gwiwa. Yana faɗa yana miƙe ƙafa a kan matashi.

Sai bel ɗin kekena ya tsinke. Kwana biyu ban yi ɗinki ba. Shugabar zauren, wata tsohuwar nas, ta kira shi hankali tashe.

“Ƙafar Ƙarfe, lafiya? Yau takunka tara!”

“Ina wasa ƙarfen ne, Sista.”

Suna gama waya ya ɗaure ta a matakin, ya hau kekena da kansa. Ba zare, ba yadi, ba bel, yana ta takawa, gumi har wuya. Bayan minti ashirin jijiya ta riƙe masa ƙwauri. Ni na shafa masa man zafi.

Na ce, “Da titi ka taka, ai da ka ga mutane.”

Bai ji ba. Aka gyara keke, aka kawo mini ɗinkin kayan ’yan makaranta guda sittin. Na duƙufa daga safe zuwa yamma. Ranar Laraba ƙanena ya yi taku dubu arba’in da ɗaya bai bar falo ba. Zaure ya ruɗe. Suka ce ranar Asabar za su zo da lambar yabo, su kuma yi tattaki da gwani don su koyi sirrin.

Na ce ya faɗa musu gaskiya. Ya ce, “Yaya, in suka kore ni, da wa zan yi hira? Da ke?” Wannan maganar ta ɗan taɓa ni, amma ban nuna ba.

Ranar Asabar da safe kwaɗayi ya sa ya sake ɗaure wayar, wai a ƙara masa dubu biyu kafin baƙi su iso. Su kuwa suka zo da wuri: Sista, da wani tsohon direba, da Mai Sanda. Ba halin ya duƙa ya kwance a gabansu. Suka tasa shi gaba suka fita. Ni kuma ina da aiki, na ci gaba da ɗinkina.

Direban ne ya ba ni labarin sauran, yana share hawayen dariya. Gwani ya fita da gudu-gudu yana cewa a bi sawunsa. A kwanar farko ya fara haki. Kafin kantin magani Mai Sanda ta wuce shi, ta dawo, ta sake wuce shi. A gaban shagon aski ya zube a benci, wai yana nazarin hanya.

Sista ta duba wayarta, ta dube shi.

“Ikon Allah! Ƙafar Ƙarfe, kana zaune takunka na hawa. Ga ɗari biyu sun ƙaru.”

“Ƙarfe ne, Sista. Ko na tsaya, yana ɗan jima yana aiki.”

“Ga wasu ɗari kuma. Ina wayar taka?”

Ya lalube aljihu huɗu, har da hula.

Da sandar Mai Sanda ya dogara ya dawo gida. Suna shiga falo Sista ta buga lambarsa, kekena ya amsa. Ta duƙa, ta ga safa. Ta ɗago ta ce, “Yaya, don Allah, wa ke takun nan?”

Na dubi ƙanena. “Ka ce ba mai tambayata. To, an tambaya.” Na faɗa musu komai, har da man zafi.

Ya sunkuyar da kai. “Sai ku cire ni,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Mai Sanda ta karɓe sandarta. “A cire ka? Wa zai riƙa zuwa na ƙarshe? Shekara biyu direba na riƙe da gurbin, ya gaji.” Sannan ta ɗauki rigar da nake ɗinkawa, ta juya cikinta, ta ja bakin hannun. Ashe ita ma tela ce shekara hamsin. Ta ce, “Wannan ɗinkin mai tsoron Allah ne.” Ban cika son baƙi ba, amma ranar na dafa shayi sau biyu.

Yanzu duk Asabar suna zuwa. Ni da Mai Sanda mu zauna mu zagi zaren zamani, su kuma su ja ƙanena zuwa shagon aski da dawowa. Jiya ya yi taku ɗari tara na halal, har ya fara cewa shi ya koya wa direba ɗaga gwiwa.

Lambar yabon kuwa, Sista da hannunta ta rataya ta a wuyan kekena. Duk safiya in ya zo wucewa da takalman tattakinsa yana hura hanci, sai in tsayar da shi.

“Kai, ba ka da ladabi ne? Koma ka gaida Ƙafar Ƙarfe.”