Kwale-kwale a Gotar Nima

Wani ne a Maamobi, irin mutanen nan da bakinsu bai iya cewa a'a ba. Ya daɗe yana mutuwar son Adiza mai waakye. Kullum da safe yana gaban teburinta yana loda shinkafa da wake, har tumbi ya fito masa, amma maganar aure ta ƙi fitowa.

Ana nan sai ga Tijani ya dawo daga Holan. Borga ne, wato ɗan Zongon da ya sha sanyin Turai ya dawo da jaket. Shi ma ya kafa benci wajen Adiza, ya zaro waya yana nuna mata hotuna.

"Kin ga wannan? Tsohuwar hanyar ruwa ce, da hannu aka haƙa ta tun zamanin kakanni. Ki shiga jirgi ki miƙe ƙafa. A tsaya wannan gari a sha shayi, a tsaya wancan a ci cuku."

Adiza ta saki cokali ta dafe ƙirji. "Ei! Ni kam duk wanda ya zaga da ni gari-gari a jirgin ruwa, shi zan aura."

Mutumin namu sai da wake ya sarƙe shi. Ya miƙe yana tari.

"Cale, abokina, mu ma ai muna da ita! Gotar Nima fa? Ita ma mutane suka haƙa ta, kuma ta girmi jaket ɗinka. Ta bi Maamobi, ta bi Nima, ta bi Sakul, har Agbogbloshie. Adiza, ran Lahadi ki ci kwalliya."

Gota dai ita ce ƙatuwar kwatar nan da ke kwashe ruwan unguwa. Wanda ya taɓa wucewa ta gefenta, hancinsa ba zai manta ba.

Gogan ya je bakin teku ya aro kwale-kwale wajen wani masunci, aka ɗauko a keken kaya aka zura cikin gota. Ya shimfiɗa darduma a ciki, ya ajiye filas ɗin shayi. Da a nan ya tsaya da an zauna lafiya. Sai ya ce matafiyi ba ya tashi bai yi sallama ba, ya bi gida-gida yana cewa a sa shi a addu'a. Ya manta a Zongo ba a barin mai tafiya ya tafi hannu sake.

Ran Lahadi ya tarar da bakin gota kamar tashar mota. Hajiya Muniratu ce ta fara.

"Ɗana, keken ɗinkin nan ka sauke wa 'yata a Nima."

"To, Hajiya."

Wani ya miƙo katifa. Wata ta miƙo kular tuwo. Sai ga Kawu Imoro, kawun Adiza, wanda shi zai ba da aurenta, yana jan rago.

"Ka kai wa aminina a Sakul. Ka kula, yana tunkuyi."

Wa zai ƙi saƙon suruki? Aka ɗora rago. Ana cikin haka wani ya rungumo kakarsa.

"Maigida, taimaka ka sauke ta a Nima. Trotro, motar hayar nan, amai take sa ta."

Aka ɗora tsohuwa a kan katifa.

Can sai ga Adiza cikin leshi, ƙamshi na tashi, Tijani na biye da ita ya zo kallon abin dariya. Ta leƙa jirgin.

"To ni ina zan zauna? A kan ragon?"

"Ki ɗan taka ta bakin gota zuwa Nima. Ina sauke keken nan wurinki ya samu."

Tijani ya buɗe lema. "Bari in raka ta, kar rana ta ƙona maka amarya."

"Kai, cale, Allah ya yi maka albarka. Ashe kai mutumin kirki ne."

Ya shiga jirgi, ya yi bisimilla, ya sa filafili. Jirgi ko gezau. Ruwan iyakarsa idon sawu, kwale-kwale ya zauna daram a ƙasa, ban da leda ba abin da yake kwasowa. Ya naɗe wando ya dira, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya fara ja. Rago na kuka, tsohuwa na jan carbi tana ɗaga murya.

"Direba, rage gudu, ba sauri muke ba!"

Da ƙyar suka isa Nima. Ya kinkimi keke ya kai. 'Yar Hajiya ta yi godiya, ta ce tunda gaba zai yi, ga firjinta ya lalace, ya miƙa wa mai gyara a Agbogbloshie. Ya ce to. Ya dawo ya miƙa wa tsohuwa hannu.

"Mma, an iso Nima."

"Ba inda zan sauka. Iskar nan tana min daɗi. Mu je gaba."

Adiza ta leƙo daga sama da robar fura a hannu. "Wuri ya samu?"

"Sakul, in sha Allahu!"

Ya ci gaba da ja. Daga sama yana jiyo dariyarta, Tijani na ba ta labari. Ransa ya yi fari tas. Ya waiwayo ya ce wa tsohuwa, "Kin ji? Yawon nan yana mata daɗi."

A Sakul aminin Kawu Imoro ya karɓi rago, wanda ya riga ya cinye gefen katifa. Ya ce shi ba a yi masa alheri ya yi shiru. Ya kawo awaki biyu tukuici, a mayar wa Imoro. Gogan ya dube su, ya ce to. Ya ɗaga kai ya hango Adiza da Tijani a inuwa suna cin tsire a takarda ɗaya.

"Tijani, ka ƙaro mata, kar ta ji yunwa! Saura kaɗan!"

Sai bayan la'asar ya ja jirgi ya shiga Agbogbloshie, baƙin laka tun daga ƙafa har gira. Ya sauke firji, ya sauke ragowar katifa, ya sauke kula. Tsohuwa ma ta sauka, ta ce ba laifi amma direban ya cika girgiza. Ya ɗaure awakin a can baya, ya kakkaɓe darduma, ya zuba shayin da ya huce.

"Adiza! Wuri ya samu! Sauko mu fara!"

Adiza ta fito daga cikin kasuwa, Tijani riƙe da lema, ita kuma rungume da ƙunshin ganye. Ta durƙusa a bakin gota ta miƙo masa.

"Sannu da ƙoƙari. Tunda komawa za ka yi, ga goron baikona da Tijani, ka sauke wa Kawu Imoro. Ka riƙe shi sama, kar awakin su ci."