Ɗanɗanon Ruwan Gidan Surukai

Ko da zan manta hanyar gidanmu a unguwar Nima, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen Awudu unguwar Madina ba. Awudu ɗan yayana ne, a bayana ya girma, don haka aka ce ni gwaggo ni zan ja mata zuwa gidan yarinyar. Ban so ba. Ni mace ce mai waswasi, kowa a gidanmu ya sani. Ina iya kulle ɗaki in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon, in tafi, in sake dawowa. In na fara alwala kuwa, masu jiran buta sai su nemi wurin zama. (Bokona a firamare ya tsaya, amma karatun allo ya zauna mini daram, musamman babin tsarki. Shi ne ma ya kai ni ya baro.)

Gidan yarinyar ba su gama yarda da mu ba. Babanta, Alhaji, kayan gyaran mota yake sayarwa a kasuwar Abossey Okai. A Maamobi, nan kusa da Nima, aka haife shi kamar kowa, amma tun da ya gina gida a Madina, matarsa Hajiya Memuna ta faɗa wa wata, ita kuma ta faɗa mana, cewa 'yan Nima hayaniya gare su, ba su iya shiga gidan mutane ba. In sun karɓi kayan a ranar, za a sa rana. In suka ce "za mu yi shawara," to Awudu ya kaɗe. Shi ya sa kafin mu hau trotro, motar haya, yayana ya ja ni gefe.

"Ƙanwata, don girman Allah ki bar waswasin nan a gida yau. Ki gaisa, ki miƙa kaya, ki ci abin da aka ba ki, ki dawo. Kada ki gyara wa kowa komai."

Na ce, "Haba Yaya, ni yarinya ce?"

Muna shiga gidan abin ya tare mini ido. A tsakar gida, can gefen katanga, an kafa wani ƙaton baho na shuɗin tamfol mai ƙafafun ƙarfe, tsayinsa ya kai mini ƙugu, faɗinsa ya fi ɗakina. Cike yake da ruwa, jikokin gidan suna ta iyo suna ihu a ciki. Wai babban ɗan Alhaji da ke Jamus ne ya aiko da shi. A bayansa akwai wani inji kamar ƙaramin akwati, da tiyo mai kauri ya shiga cikin bahon, da wayar lantarki ta tafi bango, yana ta gurnani a hankali da 'yar koriyar fitila. Wuta da ruwa da yara a wuri ɗaya! Na buɗe baki zan yi magana. Amma na tuna maganar Yaya, na haɗiye. Har yabon kaina na yi a zuci.

Aka shimfiɗa mana tabarmi, aka kawo shinkafa da zoɓo mai sanyi. Muka jera akwatuna, muka buɗe. Hajiya Memuna tana ɗaga atamfa da yatsu biyu tana cewa "ba laifi," fuskarta ba ta ce komai ba. Kusa da ita wata tsohuwa, kakar amarya, tana ta goga goro a marfin gwangwani tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Sai aka kira la'asar. Na ɗauki buta, ba ruwa. Famfo ya ɗauke tun safe, na tanki kuma girki ya cinye.

Hajiya ta ce, "Gwaggon Awudu, ki ɗiba a na yaran nan mana. Tsaf yake, inji ne ke wanke shi. Mazan ma nan za a ɗebar musu."

An riga an fitar da yaran cin abinci. Na je na cika buta, na tsuguna a bayan bahon. Tun muna yara malaminmu ya koya mana cewa ruwan alwala ana duba abu uku a jikinsa: launi, ƙamshi, ɗanɗano. Na duba launi, garau. Na shinshina, ba wani abin a zo a gani. Na kurɓa don kurkure baki.

Gishiri.

Na tofar. Na sake kurɓa don in tabbata (waswasi ba ya yarda da shaida ɗaya). Gishiri ne, ɗan kaɗan, da ɗumi-ɗumi. Nan kaina ya fara aiki. Teku tana can nesa. Ruwan motar tanka ba shi da gishiri, kullum shi muke saye. Wane mai hankali zai zuba gishiri a ruwan wanka, miya ce? Sai na tuna yaran nan tun zuwanmu suke ɗirkar zoɓo suna komawa ruwa, ban ga ko ɗaya ya nufi bayi ba.

Innalillahi. Fitsari. A bakina. Sau biyu.

Na rasa inda zan sa kaina. In je in ce wa Hajiya Memuna, a gaban mata, ruwan gidanku fitsari ne? Auren ya mutu ke nan. In yi shiru? Ga Alhaji da baƙinsa da limamin unguwarsu a ƙofar gida, yanzu za a ɗebar musu. Su yi alwala da najasa, sallarsu ta ɓaci, ni na sani na yi shiru, ranar gobe ƙiyama wa za a tambaya? Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka daga Allah take: in babu ruwan, babu mai alwala da shi. Sai a aika a sayo na leda, kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya.

Na kalli tiyon nan mai kauri. A tunanina ta nan ake zubar da ruwan zuwa kwata, a hankali, ba wanda zai lura. Akwai wani zobe na roba a inda ya haɗu da injin. Na yi bisimilla na murɗa.

Ban san ruwa yana da ƙarfi haka ba. Tiyon ya fizge daga hannuna, ruwa mai kaurin damtse ya daki ƙirjina, ya jiƙa sabon leshina har ɗankwali. Injin ya bar gurnani ya koma kuka, ƙiii ƙiii ƙiii, koriyar fitilar ta zama ja. Ruwan kuma bai san wata kwata ba. Ya miƙe ɗoɗar zuwa tabarmi, inda akwatunan lefe suke a buɗe.

"Ei! Kaya! Ku ɗauke kaya!"

Mata suka tashi a guje, wannan da akwati a ka, waccan da takalman amarya a hammata. Wata ƙanwarmu ta zame ta zauna cikin shinkafa. Duk hayaniyar da ake cewa 'yan Nima na da ita, ranar mun nuna ta kyauta. Ni kuwa ina tsugune, na cusa ɗankwalina a bakin tiyon ina dannewa da hannu biyu, ruwa na fesowa ta tsakanin yatsuna, kaina a buɗe, kitsona na wata guda a waje.

A haka Alhaji ya same ni. Ya shigo da gudu ya tattare babbar riga, ya kashe injin, ya murɗa wani abu a jikin bahon ruwan ya tsaya. Ya dube ni, ya kawar da kai saboda kaina a buɗe yake, ya ce mini:

"Hajiya, lafiya? Zamewa kika yi?"

Ga ƙofa ya buɗe mini. Da na ce e, da an ce sannu an wuce wurin. Amma ƙarya haramun ce, kuma bayan kiran salla.

Na ce, "Alhaji, ni na kwance. Kada a yi alwala da ruwan nan. Yara sun yi fitsari a ciki."

Hajiya Memuna ta dafe ƙirji. "Fitsari? A gidana? Wa kika gani?"

"Ban ga kowa ba, Hajiya. Ɗanɗanawa na yi."

Na ji maganar ta fita, na so in kamo ta. Tsohuwar nan ta ajiye goronta a hankali, ta gyara zama.

"'Yar nan, matso in ji. Kin ɗanɗana, kin gane shi. To a ina kika saba da shi? Mu mun tsufa ba mu taɓa samun mai ba mu labari ba."

Wata ta fara dariya, sai gidan ya ɗauka. Har matan da na jawo daga Nima, da akwatuna a kansu, suna dariya suna hawaye. Alhaji ya yi ta maza ya kasa, ya juya yana tari. Da ya samu numfashi ya buɗe wani ɗan ɗaki ya jawo buhu ya ajiye a gabana. Gishiri ne, fari tas.

Ya ce, "Ni na zuba da hannuna. Injin nan gishiri yake ci. Ruwan yana bi ta cikinsa, wuta ta taɓa gishirin, ya koma maganin nan da ake sa wa ruwan famfo, ya kashe ƙazanta, ya sake komawa gishiri. Ba sai na riƙa sayen magani ina zubawa yana cin idon yara ba. In gishirin ya yi kaɗan ya yi kuka, in ruwa ya daina bi ta ciki ya yi kuka. Kin ji ai."

Na ce na ji.

"Yanzu sai na kira tanka, in ƙara gishiri, in gwada, ya kwana yana aiki kafin yara su shiga."

Na sunkuyar da kai. A raina na gama yi wa auren Awudu salla, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Yaya. Hajiya Memuna tana tsaye tana kallon atamfa ɗaya da gefenta ya jiƙe, bakinta ya fara haɗa kalmar "shawara." Tsohuwar ta riga ta.

"Memuna, karɓi kayan nan. Gidan da gwaggo ke ɗanɗana wa mutane fitsari don kada sallarsu ta ɓaci, jikata ba za ta ci ƙazanta a can ba. A ba ta zani ta canja, ta yi mana kyau a hoto."

Aka rangaɗa guɗa. Aka ba ni zanin Hajiya Memuna na ɗaura, ya yi mini yawa. Aka sayo ruwan leda, kowa ya yi alwala (kun ga dai dabarata ta yi aiki, ba wanda ya gode mini).

Da za mu tafi na tattaro sauran ƙarfin halina na tsaya gaban Alhaji.

"Alhaji, don Allah hankalina ya kwanta. Ke nan yaran ba sa yi a ciki?"

Ya shafa gemu. "A'a, Hajiya, ni ban ce ba sa yi ba. Cewa na yi gishirin nawa ne."

Da na isa gida na wanke baki da sabulu, na wanke leshi, na wanke butar da ko can ba ta je ba. An ɗaura auren Awudu lafiya, har sun haihu. Amma har yau in na je gidan aka kawo mini ruwa, tsohuwar nan sai ta leƙo ta ce, "A bari gwana ta fara ji mana." Abin da na koya ɗan kaɗan ne: a gidan mutane, tambaya da baki ake yin ta, ba da harshe ba. In kuma har ta kai ka ga kurɓa, to abin da ka ji ka bar shi tsakaninka da Ubangijinka.