Faifan Mai Busa a Kwalin Mai Piyano

"...da gajiya, Angona? Ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, in ban da ɓarayi."

Tsoho Mai Rediyo bai ko ɗago daga teburinsa ba. Kwana tara ke nan yana neman faifan jaz ɗin da ya fi so a duniya, na wani dogon mai busa, wanda marigayiya matarsa kan ajiye ɗinki ta saurara. Da ya buɗe kwalinsa, sai ya tarar da faifan wani mai piyano da ya tsana. Kwalin mai piyanon kuwa shi ya ara wa jikarsa, wadda yake kira Amarya, don ya san ko ya ɓata ba a yi asara ba. Ga ta yau a bakin shagon, rungume da shi, tana murmushin da bai kwanta masa ba.

"Wa ya yi maka sata? Me ma kake da shi, ban da tari da tsofaffin wayoyi?"

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ban ambaci sunanki ba."

"Na kawo maka kayanka. Tsoho, ashe kana da kunne. Busar nan sai da ta sa ni hawaye."

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a hankali. "Wace busa? Piyano na ba ki, na mutumin nan mai bugu kamar yana faskare."

"To faskaren nasa da numfashi yake yi. Waƙa ta uku, inda yake yin shiru kamar ya manta hanya, sai mai ganga ya lallaɓo ya kamo hannunsa."

Wurin nan ya san shi kamar tafin hannunsa. Ya karɓi kwalin, ya zaro faifan da gefen yatsu, ya karkata shi wajen haske. Shi ne, har da ɗan karcen da ke gefe.

"Biri ya yi kama da mutum. Ke kika musanya su ranar da na juya ina neman tabarau."

"Tabarau ɗin da ke kan goshinka?"

"Tun kina rarrafe nake ganin take-takenki. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

"Ni ce karen? Mijin da ba ya ba da kuɗin cefane, sai ƙazafi. Yau zan nemi takardata."

"Wa zai kwashe ki? Yarinyar da ke jin jaz a waya, da abu toshe a kunne kamar mai ciwo."

"Gara ni. Kai fa da ka ce mai piyano ba mawaƙi ba ne, kafinta ne?"

"Har gobe ina nan a kan bakana. Kada ki kauce, yaya aka yi faifaina ya shiga nan?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta tura masa kwalin. "Leƙa ciki."

Ya leƙa yana zargin wani sabon makirci. A jikin kwalin daga ciki akwai rubutu da fensir: Mai busa na nan, kada a ba kowa. Hannunsa ne, da irin karkatacciyar k ɗin da babu mai yin ta sai shi.

"Bara ne," in ji ta, "lokacin da abokinka direba ya addabe ka da aro. Ka ce babu mai taɓa kwalin kafinta, nan za ka ɓoye shi. Ni ka sa na riƙe maka kwalin."

"An kwaikwayi rubutuna."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta."

Ya sake duban rubutun. Ya tuna da direban, ya tuna da ranar, amma bai tuna da kansa yana rubutun ba, kuma wannan ya tsorata shi fiye da ɓarawo. Kwana tara yana harare-hararen mutane, har maƙwabcinsa tela ya daina gaishe shi.

"Kin sani, kika bar ni ina ramewa?"

"Na ɗauka kyauta ce ta miji ga mata. Ina na san mantuwa ce?"

Ya ɗora faifan a garmaho, ya sauke allura a kan waƙa ta uku. Suka yi tsit har mai busa ya yi shirunsa, mai ganga ya kamo shi. Sai tsohon ya fashe da dariya yana share ido da bayan hannu. Ya mayar da faifan cikin kwalinsa na gaskiya, ya miƙa mata.

"Tafi da shi. Na ɓoye wa direba, na ɓoye wa kaina, saura in ɓoye shi inda akwai mai tuna mini."

Ta karɓa da hannu biyu, sannan ta gyara murya.

"In kana son ji, ka zo aro. Amma ka sani, ba na ba masu mantuwa sai na raka su gida."