Ranar da Na Hana Motata Shan Hayaƙi

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a hanyar Guri ba. Cikin shekarun casa'in ne, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Haɗeja, na sayi mota 'yar Kwatano, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Ina kuma neman auren Hajara. Mahaifinta ya rasu, don haka magana tana hannun ƙanensa, Baffa Umaru, manomin shinkafa a Guri. In ya ce e, na yi mata. In ya ce a'a, sai dai in rungumi sitiyari. Da yake mahaifina ba ya jure doguwar tafiya, aka ce in je in ɗauko Baffa ya gana da iyayena.

Sai dai motar ta tsiri wani hali. A guje lafiya lau take, amma da na tsaya sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta mutu. Maimakon in kai wa bakanike (ni fa, malamin kimiyya guda!), sai na ɗaga bonet ranar Juma'a da la'asar. Can na hango wani siririn bututun ƙarfe ya taso daga inda hayaƙi ke fita, ya bi ta wani ɗan bawul mai kama da murfin kwano, ya koma cikin inji. Na tafa hannu. Ashe mutanen Kwatano a baibai suka haɗa min mota, tana shan hayaƙinta! Na sa sifana na kwance bututun, na cusa tsohuwar singiletina a ramin, na ɗaure da waya.

Da safe na isa Guri ƙafata ba ta bar totur ba. Akwai ɗan warin ƙuna, amma na ɗora wa masu ƙona ciyawa a gona.

Baffa ɗan siririn dattijo ne mara yawan magana. Ya zauna a gaba. Duk mai hankali ya san a gaban suruki shiru ake yi, amma ni bakina ƙaiƙayi yake.

"Baffa, ai mota kamar mutum take. Wa ya taɓa ganin mutum ya shaƙi abin da ya fitar ya zauna lafiya? Jiya na gano kuskuren da masu haɗa ta suka yi, na gyara da hannuna."

"Ikon Allah," in ji shi.

Na ci gaba, har da zana masa inji a iska. Sau uku yana cewa ikon Allah, ni kuwa ina jin daɗi.

Muna cikin fadama shanu suka tare hanya, na taka burki. Motar ta yi karkarwarta, ta yi wata ƙara fau, ta mutu. Hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Masu sayar da kifi a bakin gada suka taso kallo. Na ɗaga bonet, Baffa ya sa kara ya zaƙulo singiletin, rabinta ya ci wuta, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Malam, wannan taka ce ko ta motar?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ya naɗe hannun riga ya ce in miƙo bututun da sifana mai lamba goma sha biyu.

"Shekara ashirin na yi a gareji a Legas kafin in dawo gona," ya ce yana kwance bawul ɗin. "Wannan ba kuskure ba ne, i-ji-ar ake ce masa. Ka ga masu bandar kifi? In wuta ta yi ƙarfi rage mata iska suke yi. Hayaƙi ya riga ya ƙone, ba ya sake cin wuta. In mota na tafiya, bawul ɗin yakan buɗe kaɗan ya mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, zafin wutar ya sauka, gubar da ke fita ta salansa ta ragu. In ka tsaya, dole ya rufe. Naka baƙar kunkunniya ce ta maƙale shi a buɗe, shi ya sa take shaƙewa."

Ya zaro asuwakinsa, ya tsoma a fetur, ya kankare bawul ɗin tas. Ya sa baki ya zuƙi 'yar robar da ke kan bawul ɗin, muka ga ya ɗaga ya koma. Ya mayar da bututu ya ce in tayar. Inji ya kama sumul, ko motsi babu.

Har Haɗeja ban ƙara ko tari ba. A raina na riga na yi sallama da Hajara.

A zauren gidanmu, bayan an gaisa, Baffa ya dubi mahaifina ya ce, "Na ba shi. Wanda ya ƙona singiletinsa don ya ɗauko ni ba zai wulaƙanta min 'ya ba. Sharaɗina ɗaya ne: ranar da Hajara ta yi tari, kada ya kwance mata komai, ya kai ta asibiti."

Zaure ya kece da dariya, ni ma ina yi ina share ƙwalla don murna. Yau jikokinmu huɗu da Hajara, kuma tun daga ranar, in ina bayani na ji dattijo ya ce ikon Allah sau biyu, ba na jiran na uku. Shiru nake yi in tambaye shi aikin da ya yi a da.