Zoben Toma da Safar Hannun Kanada

Ka taɓa ganin ƙaton da ke ciccibar ƙarfe mai kilo ɗari da saba'in daga ƙasa, amma zoben da bai fi nauyin ƙwayar gyaɗa uku ba ya gagare shi? Ni na gani da idona, cikin watan Afrilun 2006, saura kwana bakwai a ɗaura auren abokina Toma.

Ni ne abokin ango, kuma tare muke ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako a bayan shagon Chuks mai kayan mota a Sabon Gari. Inda Toma ya fi kowa shi ne ɗagawar nan da mutum ke sunkuyawa ya kama sandar ƙarfen, ya miƙe tsaye da ita har ta kai masa cinya. Shekara biyar yana yi da tsurar hannu, tafinsa ya tara kanta guda takwas, huɗu dama, huɗu hagu. Ran Alhamis aka gwada masa zoben aure a unguwar Hanwa, gidan su Christabel amarya. Sau shida aka tura, sau shida ya cije a kan kantar gindin yatsa ya ƙi zama. Christabel ta ce ita ba za ta tsaya gaban ikilisiya tana dambe da yatsa ba. Ko dai zoben ya zauna a gwajin da fasto zai yi musu ran Asabar da la'asar, ko Toma ya yi sallama da ɗaga ƙarfe har abada.

Asabar ɗin wajen tsakar rana muka sauka daga bas a Samaru, za mu kai wa Gwaggonsa atamfar anko. Zoben na aljihuna. A bakin rijiyar tsakar gida muka tarar da 'yar Gwaggon, Dinatu, malamar firamare, taubashiyar Toma. Wata goma sha ɗaya ta ba shi, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Ita ta tare mu da gaisuwa.

"...lafiya lau, ya Kawu, ya zirga-zirgar biki? A'a! Tsaya nan. Toma, wace dabba ce ta haɗiye maka hannuwa?"

"Ƙauyanci dai bai yi ba. Safar hannu ce, baiwar gidanmu. Daga Kanada."

"Baiwar gidanku ta gaishe ka. Matso in gani. Ulu! Ja wur! Har da hoton barewa a baya! A wannan zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

"Amaechi mai gwanjo ya ce irinta manyan 'yan wasan duniya ke sawa."

"Amaechin da ya sayar wa Kawu rigar ruwa ya ce kwat ce, ya je da ita taron dattawan coci?"

"Wannan tsohon zance ne. Ya ce in na sa ta awa shida ban cire ba, gumi zai narkar da kantar. Martins, awa nawa yanzu?"

"Uku da minti ashirin," na ce.

"Kanta ce ko man shanu, da za ta narke? Kai, tun daga Sabon Gari kake cikin bas da wannan abin? Mutane ba su sauka ba?"

"Mutum biyu ne kawai suka matsa."

"Huɗu," na ce. "Wata tsohuwa kuma ta yi masa addu'ar samun lafiya da bas ta tsaya a tashar Kwangila."

Dinatu ta saki guga ta riƙe ciki. Toma ya harare ni, ya gyara tsayuwa.

"Ki yi dariyarki. Daga yau da ita zan riƙa ɗaga ƙarfe. Ba kanta, ba rigima. Christabel ta huta, ni ma in huta."

"Christabel da hutu ai sai a lahira. Ni da aka haifa dominka, na dube ka sama da ƙasa na ce a kai kasuwa."

"Ke kika ce a kai kasuwa? Ba ke ce kika yi kwana uku kina kuka ba da kika ji an kai gaisuwa Hanwa?"

"Kukan tausayin 'yar mutane ne. To mijina na gado, tunda ka zama Bature, ga jarka biyu na cika, kowacce lita ashirin da biyar. Kai mini su ƙofar kicin da safarka."

"Kilo hamsin? Abin da nake ɗagawa ina hamma?"

"Yi hammar mu gani."

Taku goma sha takwas ne daga rijiya zuwa kicin. Mariƙin jarkokin a jiƙe yake, ulun kuma ya sha gumi ya ƙoshi. A taku na biyar ta dama ta fara zamewa. A na bakwai ta kufce ta sauka a kan babban yatsan ƙafarsa, safar ta bi ta ƙasa ta kwanta cikin taɓo, barewa na kallon sama.

"Wayyo Gwaggo! Ƙafata!"

"Kar ka kira uwata, ba ita ta aike ka Kanada ba."

Ta sunkuya ta ɗauki jarkokin biyu, ta kai su kicin, ta dawo ko haki ba ta yi.

"Ai aikin baiwa ke nan," in ji Toma, yana tsaye da ƙafa ɗaya. "'Yar mace dama don ɗiban ruwan ɗan namiji aka yi ta."

"Ɗan namijin da jarka ta kayar? Shekara goma sha biyu ina jan guga a rijiyar nan, gaba tara zurfinta. Ga taɓarya, ga fartanya da damina. Shafa tafina ka ji."

Ya shafa, ya yamutsa fuska.

"Fatar ganga sak. Shi ya sa samarin Samaru ke tsallaka titi in sun hango ki."

"Lemo suke tsallakawa su sayo mini. Martins, kai da ba ka ƙarya, duba."

Na leƙa. Fatar da tauri kam, amma a shafe take, ba tudu ko ɗaya. Na faɗi haka.

"Munafuki," in ji Toma. "Abokin ango ne kai ko abokin amaryar dole?"

Dinatu ta ɗauko taɓarya ta miƙa masa a kwance. "Cire ɗaya safar, ka nuna mini yadda kake kama ƙarfen naku."

Ya cire. Hannun ya fito fari fat, a yamutse kamar rogon da ya kwana a ruwa, amma kantar na nan daram, ko gezau. Ya damƙi taɓaryar.

"Ka gani! Ka cusa ta tsakiyar tafi kamar mai damƙar tuwon sata. Nauyi ya ja ta ƙasa, ta naɗo fatar ta matse a gindin yatsu, yau da gobe ta zama tsakuwa. Igiyar guga a nan ake riƙe ta, daidai inda yatsu suka haɗu da tafi. Tun can ka ajiye ta, ba ta da inda za ta gangara. 'Yan aji uku na ma sun san wannan."

"Gumi fa? In hannu ya yi santsi?"

"Ka murza alli. Ina da guntayensa gwangwani guda. Ka sa ulu tsakaninka da ƙarfe, ka ƙara wa sanda kauri, ka ƙara mata santsi, sannan ka ce me ya sa ta gudu."

"Yau kuma mai jan guga ce malamata. To kantar da ke nan fa? Ba ni reza in fere ta."

"Ka fere, ka tsaya gaban fasto da bandeji, a sa wa bandejin zobe. Zauna a turmin nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon ruwan ɗumi, da man kaɗanya, da wani baƙin dutse mai ƙaiƙayi.

"Me nake gani? Dutsen da Gwaggo ke goge kaushin diddige da shi? A hannun ango?"

"Diddigen uwata ya fi tafinka daraja. Roƙonsa zan yi ya yi haƙuri. Tsoma."

Minti goma sha biyar hannun na cikin ruwa. Daga nan ta ɗora shi a gwiwarta ta shiga gurza. Kowace kanta ta sha gugar dutse sau arba'in, ta yatsan zobe kuwa saba'in da biyu.

"A hankali, mayya! Fata ce, ba tukunyar da ta ƙone ba!"

"Tukunya ba ta kuka. Yi shiru, 'yan haya na jin ka."

"To ki cire duka mana a huta."

"In na cire duka, ran Litinin ƙarfe ya yage ka kamar tsohon zani. Kantar ce ke tsare ka. Daidaita ta kawai ake yi da sauran fatar. Kai komai sai ka yi shi irin na ƙattai." Ta shafa masa man kaɗanya, ta miƙo mini hannu. "Martins, kawo zoben mu gwada."

Na miƙa. Ta kama yatsan, ta tura sau ɗaya, zoben ya wuce sumul ya zauna a gindi. Toma ya buɗe baki zai yi murna, Dinatu ta riga shi da guɗa.

"Ayyiriri! Jama'ar gidan nan ku fito ku shaida! Ni Dinatu na sa wa Toma zobe da rana tsaka! Ga Martins shaida, ga rijiya shaida! Na riga 'yar Hanwa!"

"Ke! Rufa mini asiri!"

Ya ja zoben. Ya sake ja. Sau tara ya ja. Yatsan da ya sha ulu, ya sha ruwan ɗumi, ya kumbura ya riƙe zoben a gaɓa. Na duba agogo, saura awa uku gwajin fasto.

"Dinatu, cire mini."

"In cire igiyar aurena da hannuna? Bari in ɗaura sabuwar atamfar nan, mu hau bas tare. Zan gaishe da ƙanwata Christabel, in nuna mata kwanakin girkinta."

"Don girman Allah. In ta ga zoben nan a hannuna kafin ta sa, ba ƙarfe kaɗai zan rasa ba."

"Yau ka san Allah? To amsa mini. A jikokin Kaka kaf, wa ya fi ƙarfi?"

"Ai kowa da irin nasa..."

"Martins, miƙo mini ɗankwalina."

"Ke ce! Dinatu ce!"

"Ban ji ba. Barewar nan ma ba ta ji ba."

"DINATU CE!"

"Wace ce baiwa a gidan nan?"

"Babu baiwa. Bawa ne guda ɗaya, ga shi zaune a kan turmi."

"Ɗan albarka."

Ta tsoma hannun cikin ruwan randa mai sanyi, ta sa ya ɗaga shi sama minti biyar kamar ɗalibin da ya san amsa. Sannan ta yanka kuɓewa ɗaya ta shafe yatsan da yauƙinta. Murzawa biyu, zoben ya faɗo tafinta. Ta wanke shi ta ba ni.

Toma ya dubi yatsansa, ya dubi Dinatu, dariya ta ƙwace masa har turmin na rawa. Ya tsamo safar daga taɓo, ya haɗa da 'yar'uwarta, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga sadakinki, uwargida. Kin ci."

"Na karɓa. Ta yi daidai da sauke tukunya. Tashi ka tafi, na sake ka."

Da la'asar a coci Christabel ta tura zoben sau ɗaya ya zauna. Ta juya tafin Toma sau biyu tana dubawa, ta ce wa ya yi masa wannan aikin. Ya ce wata tsohuwa ce a Samaru. Ran Litinin ya murza alli ya ɗaga kilo ɗari da saba'in sau uku da tsurar hannu, fatar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

In kai ma tafinka ya tara tudu, don Allah gwada wannan kafin ka nufi rumfar gwanjo: ruwan ɗumi minti goma sha biyar, dutsen kaushi sau arba'in, ɗan man kaɗanya, sau biyu a mako, sannan ka riƙe sandar a gindin yatsu. Yi mako uku ka ƙirga abin da ya rage. Amma dutsen ka gurza da kanka, kar ka ba taubashiyarka.